Shekarar Da Aka Yaye Mu, Ni Da Ke

Ummi, mutane kan bari sai furfura ta fito musu sannan su zauna su ba da labarin rayuwarsu. Ni ko talatin ban kai ba, amma likita ya gaya mini gaskiya cewa huhuna ba zai koma kamar na sauran mutane ba, sai dai a yi ta lallaɓawa, don haka ba zan jira furfura ba. Na fara da sunan Allah, wanda ya ara mini numfashin da nake wannan rubutu da shi. Kullum in na ɗauke ki sai kin kai yatsa kan tabon da ke maƙogwarona kina dannawa, kina kallon fuskata. Wata rana za ki tambaya, kuma na san kafin ki tambaye ni matan unguwa sun riga sun ba ki nasu labarin. Wasu za su ce miki mutuwa na yi aka dawo da ni da inji. Wasu za su ce babanki ne ya sa hannu aka yanka ni. Akwai ma masu cewa son jiki ne ya hana ni tashi da wuri, wai na ji daɗi inji yana yi mini numfashi na ƙi yi da kaina. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mini ciwo, shi ya sa nake so ki ji daga bakina.

Ina makarantar sakandare na yi tarin fuka. Na sha magani wata da watanni har aka ce na warke, kuma na warke ɗin, sai dai ciwon ya bar mini tabo a huhu. Ko gudu kaɗan na yi sai na ji ƙirjina yana fito. Da aka kai ni gidan babanki, nan ƙauyenmu na kusa da Kura, na tarar duk matan gidan gumin shinkafa suke yi. A jiƙa shinkafa, a ɗora ta a manyan tukwane a turara, a baza a rana, a kai inji a casa. Wutar kuwa da ɓuntu ake hura ta, wato ƙaiƙayin shinkafar, kuma duk wanda ya san ɓuntu ya san ba ya ci da harshe, hayaƙi kawai yake yi mai kauri wanda yake kwana a cikin kaya. Na shiga cikinsu na yi, ina tari ina yi, don sana'ar gidan ke nan. Kina da shekara ɗaya da 'yan watanni, ana tsakiyar yankan shinkafa, zazzaɓi ya kama ni, tarin ya canja launi. Aka kai ni asibiti a Kura, suna ganina suka ce a wuce da ni Kano. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne muna cikin mota, kina kan cinyar Inna, mahaifiyata, kina jan hijabina kina neman nono, ni kuwa ina buɗe baki iska ta ƙi shiga.

Da na farka ban san makonni sun wuce ba. Na ga silin fari, na so in yi salati, bakina ya motsa amma sauti bai fito ba. Na kai hannu wuya na ji roba a soke a maƙogwarona, wani tiyo ya taso daga nan ya tafi jikin wani inji da ke gefen gadon. In ya yi fuu, sai in ji ƙirjina ya ɗaga ba da izinina ba. In ya saki, sai ya sauka. Daga baya babanki ya ba ni labari cewa da farko ta baki aka zura mini robar, da abin ya daɗe likitoci suka ce ba za ta ci gaba da zama a baki ba, sai an huda maƙogwaro. Yayyensa suka ce kada ya yarda, ba a yanka mai rai. Ya fita ya yi alwala ya yi raka'a biyu, ya dawo ya sa hannu. Har yau akwai wanda ba ya amsa masa gaisuwa da kyau a kan wannan, amma ki sani ba don hannun da ya sa ba, da ba ni ce nake ba ki labarin nan ba.

Ni 'yar masu noman rani ce, na tashi ina jin ƙarar injin ban ruwa, na kuma san abin da yake faruwa da fangalin shuka in inji ya tsaya da rana tsaka. Haka na riƙa kallon injin nan. Ban taɓa son wani abu ina kuma tsoronsa a lokaci guda kamarsa ba. In aka ɗauke wuta, kafin janareto ya tashi, idona yana kansa, duk da an sha gaya mini yana da batir a cikinsa.

Mai kula da ni da safe wata nas ce, Sista Rifkatu, mutuniyar Filato, mai jiki, mai dariya, ga hannu mai taushi in tana zuƙe mini majina daga robar. Hausarta irin tasu ce ta can, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Habiba, ka tashi? Kai, yau ka yi kyau. Maigidanka yana waje tun ɗazu, kamar mai gadi."

Ranar da aka fara barin babanki ya daɗe a wurina, na ɗora hannu a ƙirji na yi alamar goyo. Ya gane. Ya sunkuyar da kai ya ce Inna ta tafi da ke gidanta ta yaye ki, tunda ba yadda za a yi. Sai a sannan na lura nonona ya kafe, ya yi ciwonsa ya gama ban sani ba. Na yi kuka, irin kukan da ba sauti, hawaye yana gangarawa cikin kunnena.

Ya kamata in gaya miki yadda yaye yake a wurinmu, don wataƙila kafin ki girma an canja. Inna ita take yaye duk jikokinta, a gabana aka yi na 'ya'yan yayyena. Safiya ɗaya ake yi. A ɗauke yaro daga uwarsa a kai shi gidan kaka, a karɓo masa rubutu, a dama kunu, shi ke nan. Zai yi kuka har muryarsa ta dishe, zai ƙi ci, zai yi ta leƙen ƙofa, amma ba mai mayar da shi. Ko uwar ta zo ta ji tausayi, Inna ba za ta bari ba, ta ce nonon da ya kwana ya lalace, in ya sha zai yi masa illa. Tun ina ƙarama abin da na sani ke nan game da yaye, an raba ka da abin da kake rayuwa da shi, kuma ba komawa.

To ina cikin jimamin naki, sai wata rana Sista Rifkatu ta shigo da fara'arta tana gyara mini matashi.

"Albishirinka, Habiba. Likita ya ce huhunka ya yi sauƙi. Gobe za mu fara yaye ka daga injin nan."

Ita murna take yi mini. Ni kuwa abin da na ji shi ne gobe da safe za a cire, a tura shi waje, in na iya na iya, in ban iya ba shi ke nan. Na kuma san injinan ba su da yawa a ɗakin, ina jin ana waya ana tambayar ko akwai wanda ba kowa a kai. Na ce a raina lokacina ne ya cika, wani za a ba.

Da gari ya waye likita ya zo, wani matashi Bakano mai gilashi. Ya yi mini bayani da sauri, rabi Turanci, amma kunnena ya riga ya toshe. Sista ta zare tiyon daga robar wuyana ta sa mini wani ɗan ƙoƙo mai busa iskar oksijin. Ƙarar fuu ɗin nan ta tsaya. Ummi, ban san yadda zan kwatanta miki shirun nan ba. Na ja iska na ji kamar ina zuƙar kunu mai kauri ta tsinken ciyawa. Zuciyata ta hau bugu, gumi ya karyo, na fara haki sama-sama kamar kaza, allon da ke saman kaina mai auna bugun zuciya da numfashi ya ɗauki kuka. Nan da nan suka mayar da tiyon. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce yau tausayi ne ya kama su suka karya doka, gobe ba za su sake ba. Washegari tun kafin hannunta ya taɓa tiyon, allon ya fara kuka. Haka aka yi ta yi, kullum jiya ta fi yau.

Ina jin Turanci daidai gwargwado, kuma mutane kan manta marar magana yana da kunne. Na ji likitan yana gaya wa abokin aikinsa cewa ya rasa gane kaina, hoton ƙirji ya yi kyau, jini ya yi kyau, amma da an cire sai in rikice. Ya ce duk ranar da na ƙara a kan inji naman numfashina yana ƙara mutuwa, ga haɗarin wani sabon ciwon huhu, kuma mai huhu irin nawa in ya daɗe da yawa akan kai inda ba ya rabuwa da inji har abada. Na nemi biro da hannu, aka ba ni, amma yatsuna ba ƙarfi, abin da na zana ko ni ban iya karantawa ba. Babanki ya duba ya ɗauka ke nake tambaya.

"Ki kwantar da hankalinki, Ummi lafiyarta ƙalau. Kwana biyun farko ne kawai ta sha wuya, har sai da ta shiɗe don kuka, amma Inna ba ta saurara mata ba. Yanzu ga ta nan ta haƙura."

Bawan Allah, lallashina yake yi, bai san ƙara mini yake yi ba.

Ana haka Inna ta bar ki wurin ƙanwata ta zo duba ni. Aka sa ta cire takalmi, aka ɗaura mata wata koriyar riga a kan zaninta, tana ta mita wai an mai da ita 'yar makaranta. Babanki yana ganinta ya ja can jikin bango ya tsuguna, kansa a ƙasa, ki san surukuta. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallon robar, leɓenta yana motsi da addu'a. Sannan ta juya wurin Sista.

"'Yar nan, wai me ake jira ne har yanzu?"

"Mama, yaye shi muke yi. Shekaranjiya mun cire, bai iya ba, mun mayar. Jiya ma mun cire mun mayar."

"Kun mayar?" Inna ta riƙe haɓa. "Wane irin yaye ne wannan, a cire a mayar? Ni jikokin da na yaye ba su ƙirguwa, ban taɓa mayar da ko ɗaya ba. Wanda aka yaye an yaye shi ke nan, ko zai mutu don kuka."

Allon saman kaina ya fara kukansa, alhali ba wanda ya taɓa tiyo. Sista ta dubi allon, ta dube ni, ta dubi Inna. Ta matso a hankali ta kama hannuna.

"Habiba, dube ni. Kai ma haka ka ɗauka? Ka ɗauka wata rana za mu cire mu ƙi mayarwa?"

Na gyaɗa kai da duk ƙarfin da ya rage mini.

"Wayyo Allahna!" Ta dafe kai da hannu biyu. "Ni da bakina! Mu haka muke ce masa a Turanci, na juya maka shi da Hausa. Ashe tsoro nake ba ka kullum da safe!"

Ta fita da gudu ta kira likita. Da ta gaya masa, ya fara murmushi, sai ya kalli fuskata murmushin ya ɗauke. Ya jawo kujera ya zauna daidai kaina, abin da bai taɓa yi ba, ya yi mini magana da Hausa zalla. Ya ce akwai wani faifan nama a ƙarƙashin huhu, shi yake jawo iska, nawa ya daɗe a kwance inji yana yi masa aiki, ya yi sanyi kamar ƙafar wanda ya daɗe bai taka ba. Ba a tashinsa rana ɗaya. Za a ba shi aiki kaɗan, a bar shi ya huta a kan inji, gobe a ƙara. Ya ce komawa kan injin ba faɗuwa ba ce, cikin maganin take. Ya dafa injin ya ce wannan nawa ne, yana nan a kunne a gefena, in na ɗaga hannu za a mayar, kuma ba mai fitar da shi daga ɗakin sai na yarda da kaina.

Na ji, amma tsoron da ya yi kwanaki yana cina bai fita nan take ba. Sai babanki ya yi gyaran murya daga inda yake tsugune. Ba zai yi magana da Inna kai tsaye ba, don haka ya fuskanci bango ya kira Sista.

"Sista, in na fahimta, ai wannan ba yaye ba ne. Yadda muke yi wa irin tumatir ne kafin dashe. Ba a ɗauke masa ruwa gaba ɗaya. Yau ka rage, in ka ga ya yi laushi ka ba shi, gobe ka ƙara ragewa, har ya yi ƙwari ya iya zaman gona."

Inna ita ma ba ta dube shi ba, ta dubi silin.

"To, ku ji mini. 'Yar tawa ta zama tumatir. Allah dai ya sa kada a zuba ta a kwando a kai kasuwa."

Dariya ta kama ni, ba sauti, sai tari, sai da aka zuƙe mini majina. Ita ce dariyata ta farko a ɗakin nan.

Washegari da aka cire, zan iya jurewa fiye da yadda na yi, amma ina so in gani da idona. Ban fi numfashi kaɗan ba na ɗaga hannu. Sista ba ta ce in daure ba, ba ta ce saura kaɗan ba. Ta mayar da tiyon nan take ta ce, "An ba iri ruwa." Wannan mayarwar ita ta warkar da ni, Ummi. Da yamma na nuna mata da kaina a sake cirewa.

Daga nan muka shiga aiki, kuma aiki ne, kada wani ya ce miki kwanciya ce. Numfashi ɗaya sai in ji kamar na ɗaga buhun shinkafa. Na daina kallon allo, na koma auna kaina da abin da ke faruwa a ɗakin. Da farko in kai har mai shara ta gama goge ƙasa. Sannan in kai har a kira azahar a masallacin asibiti. Wata ma'aikaciya mai motsa wa marasa lafiya jiki tana zuwa ta bubbuga mini baya, ta zaunar da ni a bakin gado, daga baya ta kai ni kujera. Abinci ta robar hanci ake ɗura mini, suka ƙara shi, wai nama ba ya ƙarfi da yunwa. Akwai lokacin da zazzaɓi ya dawo, aka mayar da ni kan inji gaba ɗaya na wasu kwanaki, na yi ta kuka ina ganin duk wahalar ta tashi a banza. Likita ya ce ba ta tashi ba, kuma da zazzaɓin ya sauka na tarar gaskiya ya faɗa, ban koma farko ba. Na kai la'asar. Na kai magariba. Sai ga shi na wuni na kwana, na sake wuni na kwana, injin yana gefe a rufe da farin ƙyalle.

Wata safiya likitan ya zo ya zauna a kujerar nan tasa.

"Malama Habiba, na yi miki alkawari, kuma ina kan bakana. An kawo wani dattijo yana bukatar inji. In kin ce a'a, za mu san yadda za mu yi, ba wanda zai ga laifinki."

Na miƙa hannu na kama ƙarfen injin. Sanyi gare shi. Zuciyata ta fara irin bugun nan, na ji tsohon hakin yana tasowa. Na rufe ido na ja iska a hankali yadda aka koya mini, ta shiga. Na sake ja, ta sake shiga. Ba wanda ya turo ta, ni na jawo ta. Na saki ƙarfen, na yi musu alama da hannu su tafi da shi. Ina kallo aka tura shi tayoyinsa suna ƙara har ya fita ƙofa, kuma allon saman kaina bai ce uffan ba. Sista Rifkatu ta yi guɗa irin tasu, sai da babbarsu ta leƙo ta harare ta.

Bayan nan aka sa wa robar wani ɗan murfi da yake barin iska ta bi ta baki. Sista ta tsaya a gabana, babanki a gefe, ta ce in gwada magana, in faɗi duk abin da na ga dama. Na yi salati tukuna, muryar ta fito a shaƙe kamar ta tsoho. Sannan na dube ta.

"Sista, ni mace ce. Ke ake cewa."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Babanki kuwa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Ba a daɗe ba aka zare robar gaba ɗaya, aka rufe wurin da auduga da filasta, ramin ya haɗe da kansa ba ɗinki.

Ba zan ce miki na fito yadda na shiga ba. Gumin shinkafa ya haramta gare ni, ko girkin itace ba na yi, in maƙwabta sun hura ɓuntu sai in shige ɗaka in rufe taga. Maganin shaƙa na buɗe ƙirji yana ƙulle a bakin zanina duk inda za ni. Muryata ba ta dawo daidai ba. Har yanzu in injin ban ruwan wani ya mutu farat ɗaya a gona, sai in tsinci hannuna a wuyana, zuciyata tana dukan uku-uku, sai na tuna wa kaina cewa ni nake yin numfashina. Ko yanzu da nake rubuta miki wannan sai da na ajiye biron sau da yawa. Amma ni nake yi, Ummi, tun daga safiyar nan har yau.

Da aka sallame ni gidan Inna aka wuce da ni jinya, can wajen Bunkure. Mota ba ta shiga unguwarsu, a bakin titi take tsayawa, sauran hanyar a kan gaɓar kanal ɗin ban ruwa ake bi. Babanki ya tanadi babur, na ce da ƙafata zan shiga. Na yi tafiya ina tsayawa, ina dafa shi, in huta in ci gaba. An saki ruwa ranar, ana ta dashen albasa, mutane suna ɗagowa daga fangali suna yi mini barka. Kafin mu kai ƙofar gida mata sun cika zaure.

Kina tsakar gida riƙe da zanin Inna, kin yi tsawo, har kina tafiya da kanki. Na durƙusa na miƙa hannu na kira sunanki da shaƙaƙƙiyar muryata. Kika dubi wannan ramammiyar mata mai filasta a wuya, kika ja da baya, kika cika ƙirjinki da iska, kika tsala ihun da sai da kaji suka watse. Mata suka yo kanki, wannan tana cewa haba Ummi, uwarki ce fa, waccan tana cewa a ɗauke ki kada raina ya ɓaci.

"Ku ƙyale ta," na ce. "Don Allah kada wanda ya rarrashe ta."

Na zauna a ƙasa inda nake, ina hakin tafiyar da na yi, ina sauraron yadda kike jan iska ki sake ta da ƙarfi, ki kuma ja ki sake, ba wahala, ba tiyo, ba kowa a gefenki yana kallon allo. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba, kuma na bar ki kika yi shi har kika gaji.